Injin Shara Na Tsaye: Abubuwan Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya Kuɗi

Yau za mu ɗan ajiye zancen waya da manhajoji mu leƙa cikin ɗaki. Dalili kuwa, makon jiya wani abokina da ke shirin aure ya turo min hotunan injin shara guda uku ta WhatsApp, ya ce in zaɓar masa ɗaya. Dukkansu irin na tsaye ne, wato wanda kake riƙe mariƙinsa kana tura shi gaba da baya, mota da mazubin ƙura da burushi duk a jiki ɗaya. Idonsa na kan wanda aka rubuta wa 2000W da manyan baƙaƙe. Na ce masa ya dakata, domin ni ma na taɓa yin irin wannan gaggawar kuma na ji a jikina.

Shekara biyu ke nan na sayi wani na hannu, tokumbo, tsaf da shi kamar sabo. Mai shagon ya ce babu wuta shi ya sa ba zai gwada min ba, ni kuma araha ta rufe min ido. Ina zuwa gida na sa masa adafta na jona. Ya yi wata irin ƙara kamar jirgi zai tashi, kafin in kai hannu ga makunni sai wari da hayaƙi. Da na kifa shi na karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasansa, sai ga 120V. Na Amurka ne. Kuɗina sun tafi a ƙasa da minti ɗaya, kuma laifin rabi nawa ne tunda ban karanta ba.

To daga nan za mu fara.

Wutar da za ka jona shi

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar ma tana nan wajen 220, yayin da ta Amurka da Kanada take bolt 120. Cajar wayarka ba ruwanta da wannan bambanci, domin an ƙera ta ta karɓi daga 100 zuwa 240. Motar injin shara ba haka take ba. Abin da aka rubuta mata shi kaɗai take iya ɗauka, kuma adafta siffar bakin fulogi kawai take canzawa, ba ta taɓa ƙarfin wutar. Matsalar ita ce injin tsaye a Amurka ya fi karɓuwa, don haka da yawan Bissell da Shark da Hoover da ke shigowa cikin kayan tokumbo daga can suke. Za ka iya amfani da su da tiransifoma mai rage wuta, amma yawancinsu suna jan amp 10 zuwa 12, wato har wat 1,440. Tiransifomar da za ta ɗauki wannan sai mai wat 2,000 ko fiye, ga nauyi ga tsada. A ganina wahalar ba ta kai ba. Idan tokumbo za ka saya, nemi wanda ya fito daga Ingila: wutarsu ɗaya da tamu, fuloginsu mai ƙafa uku shi ne dai namu. Shark da Vax da Dyson duk suna da samfurin Ingila.

Sai kuma tambayar da mutane ba sa yi wa kansu: idan babu wutar NEPA, da me zan kunna shi? Ƙaramin janaretan nan da aka rubuta wa 950, abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 650 zuwa 800 ba. Injin mai 2000W zai kashe shi nan take. Masu sola su ma su yi lissafi. Inbata mai 1kVA kusan wat 800 take bayarwa, kuma mota tana fizgar wuta fiye da ƙima a daidai lokacin tashi. Ko injin wat 900 ne, idan batirinka mai bolt 12 ne, yana jan sama da amp 75 daga cikinsa. Shi ya sa masu sola gara su yi shara da rana tsaka lokacin da faranti ke caji.

A mita kuwa abin bai da ban tsoro. Injin wat 900 da ya yi aikin rabin awa ya ci ƙasa da rabin yunit.

Wat ba shi ne ƙarfin zuƙa ba

Kun san yadda ake tallar waya da megafiksel 108, ka saya ka ga hotonta bai kai na wata mai 12 ba? Haka zancen wat yake a nan. Lambar tana gaya maka yawan wutar da injin ke ci ne. Nawa ne daga cikin wutar ya zama zuƙa, nawa ya tafi a zafi da ƙara, wannan ya dogara ga ƙirar fankar ciki, faɗin bututu, da yadda iska ke ratsa matata.

Turai ta riga ta gwada mana wannan. Tun watan Satumban 2014 Tarayyar Turai ta hana sayar da sabon injin shara na gida da ya wuce wat 1,600, sannan a Satumban 2017 ta sauko da iyakar zuwa wat 900, ta kuma ce ƙararsa kada ta haura desibel 80. Kamfanoni suka koma suka gyara ƙira, kafet ɗin Turawa kuma bai daina sharuwa ba. Don haka idan ka ga na Ingila mai wat 700 ko 800, kada ka raina shi. A gidajenmu ma shi ya fi dacewa, tunda matsakaicin janareta zai ɗauke shi.

Wasu kamfanoni suna rubuta AW, wanda ke auna ƙarfin iskar da ke fita aiki, wasu kuma Pa. Waɗannan sun fi wat faɗin gaskiya, sai dai ka kwatanta AW da AW, Pa da Pa. Idan babu ko ɗaya a kwalin, tafin hannunka a bakin bututu zai gaya maka abin da ake ciki.

Me ke shimfiɗe a ɗakinka?

Abin da ya bambanta injin tsaye da sauran shi ne burushin nan mai juyawa da ke ƙarƙashin kansa. Yana bugun gashin kafet, ya tayar da yashin da ya nutse ciki, iska ta kwashe. Tun asali don haka aka yi shi. James Murray Spangler, wani mai shara a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio, wanda ƙura ke tayar masa da asma, shi ya haɗa irinsa a 1907, William Hoover ya sayi haƙƙin ƙirar a 1908. Har yau a Ingila sunan Hoover ake kiran kowane injin shara da shi, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo.

Saboda haka idan falonka kafet ne bango zuwa bango, ko kana da manyan dardumomi, na tsaye shi ne naka. Tsintsiya saman kawai take shafa, yashin da ke ƙasa kuwa yana nan yana cin zaren kafet ɗin duk lokacin da aka taka.

Idan kuma tayil ne ko leda, labari ya canza. Burushi mai juyawa a kan tayil watsa yashi yake yi, ka ji yana feso maka a ƙafa. Leda mara kauri kuma yana iya tsotso ta ya yage gefenta. Yawancin gidajenmu gauraye ne, tayil a ko'ina da darduma a tsakiyar falo, don haka abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne makunnin da ke tsayar da burushi ya bar zuƙa kaɗai. Wanda ba shi da wannan makunni, ka bar shi a shagon. Ka kuma duba ko ana iya ɗaga kan ko sauke shi gwargwadon kaurin kafet, domin kan da ya manne sosai yana toshe iska, turawa ma ta zama aiki.

Wanda ɗakinsa tayil ne zalla, gaskiya ba ya buƙatar na tsaye. Irin mai tulu da ake ja a baya, ko siririn nan mai batir, zai fi masa sauƙi, kuma sun fi shiga ƙarƙashin gado.

Ƙurar hunturu da matata

Nan ne na fi so mu tsaya, domin masu sharhin injin shara a YouTube yawanci gashin kare da na kyanwa ne damuwarsu. Mu damuwarmu ƙurar hunturu ce, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Laushinta kamar hoda. Injin da matatarsa ba ta da kyau zai zuƙe ta ta gaba ya feso ta ta baya, ka gama shara ɗaki ya fi da turnuƙewa. Ga mai asma ko gidan da ke da jariri, wannan ya fi rashin sharar illa.

Matatar da ake nema ita ce HEPA. A ma'aunin Amurka, sai ta tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3 kafin ta ci sunan. Don ka gane ƙanƙantar, kaurin silin gashin kai yana kaiwa wajen maikiron 70. A kayan Turai za ka ga an rubuta H13, wanda ke tare kashi 99.95. Ka yi hattara da masu wasa da kalmomi: idan ka ga "HEPA-type" ko "HEPA-style", ma'anarsa mai kama da ita, ba a yi mata wancan gwajin ba.

Matata mai kyau ma ba ta wadatar idan jikin injin yana yoyon iska ta mahaɗai. Ga gwajin da nake yi da waya: ka rufe labule ɗaki ya yi duhu, ka kunna injin a kan darduma mai ƙura, ka haska tocilar wayarka a gefen mazubin da wajen fitar iska. Idan yana yoyo za ka ga ƙurar tana tashi cikin hasken ƙarara.

Mai jaka ko mara jaka?

A ƙa'ida mai jaka ya fi tsafta, ka cire jakar ka jefar ba tare da ƙura ta taɓa ka ba. Sai dai kowane samfuri da irin jakarsa, kuma ranar da taka ta ƙare za ka iya zaga Sabon Gari kaf ba ka samu ba. Injin lafiyarsa ƙalau ya zama kayan ado. Idan ba kana da mai aiko maka daga waje ba, ɗauki mara jaka. Irin wannan yana juya iska ne kamar guguwa cikin mazubi, ƙura ta faɗi ƙasa. James Dyson ne ya yaɗa fasahar bayan ya ƙera gwaji 5,127, samfurinsa na DC01 ya fito a Ingila a 1993, yanzu kuwa kusan kowane kamfani yana yi.

Sharaɗinsa biyu. Ka zubar da ƙurar a waje, iska na bayanka. Sannan ka tabbatar matatarsa irin wadda ake wankewa ce. Ruwa zalla ake sa mata, a bar ta ta bushe aƙalla awa 24 kafin a mayar. Littafin injin zai ce ka wanke duk wata ɗaya ko uku, amma ba da hunturun Kano ko Damagaram aka yi wannan lissafin ba. Ni a lokacin sanyi duk sati biyu nake dubawa. Kafin ka biya, buɗe wayarka ka rubuta lambar samfurin a Jumia ko Jiji ko AliExpress ka ga ko ana samun matatarsa da bel ɗin da ke juya burushi. Waɗannan biyun su ne ke fara mutuwa. Idan bincike bai nuna komai ba, ka san ranar da bel ya tsinke injin ya gama.

Wani abu da littafin Bature ba zai kawo ba: turaren wuta. Amarya ta turara ɗaki, toka ta zube a kafet, a ɗauko inji. Idan da sauran garwashi ko ƙanƙani ne, iskar da ke ciki za ta hura shi a tsakiyar busasshiyar ƙura da zare. Ko tokar ta huce, laushinta yana toshe matata da wuri, haka ma garin siminti bayan gyaran gida. A kwashe su da tsintsiya tukuna. Ruwa ma haka, injin tsaye na gida ba a yi shi don jiƙaƙƙen wuri ba. Zaren ɗinki da gashin kitso kuwa naɗewa suke a burushi har su tsayar da shi, don haka zaɓi wanda murfin burushinsa ke buɗewa ba sai da sukudireba ba, ka riƙa bi da almakashi kana yankewa.

A cikin shago

Kada ka karɓi uzurin babu wuta. In ya ƙi tayar da janareta, ka wuce shago na gaba. Kifa injin ka karanta takardar ƙasansa da idonka, ka nemi 220–240V. A kunna, ka kwantar da mariƙin baya, ka leƙa ka ga burushi yana juyawa, domin da yawansu ba sa juya shi sai an kwantar. Ka bar shi ya yi minti uku zuwa biyar yana aiki. Warin ƙonewa, ƙara mai hawa da sauka, ko ya mutu da kansa, duk alamun mota ce da ta gaji ko hanyar iska da ta toshe. Ciro matatar ka gani, in ta yi baƙi ƙirin ko babu ita sam, an daɗe ana aiki da motar cikin ƙura.

Ka ɗaga shi da hannu ɗaya. Na tsaye suna kaiwa kilo 6 zuwa 9, kuma wataƙila ba kai za ka riƙa hawa bene da shi ba. Akwai irin su Shark Lift-Away da mazubinsu ke cirewa a riƙe a hannu, suna da amfani wajen kujeru, labule da cikin mota. Wayar wutar kuma ta kai mita 7 ko 8, don kada ka dogara da ƙaramin ekstenshin ɗin cajin waya, wanda siririyar wayarsa ke ɗumama idan mota ta daɗe tana ja.

Abokin nawa dai a ƙarshe ya bar mai 2000W ɗin. Ya ɗauki wani ɗan Ingila mai wat 750 da makunnin tsayar da burushi, ya kuma yi odar matata biyu da bel biyu a ranar, tun kafin a kawo kayan ɗaki.