Abin Da Ke Hana Mota Kafewa: Ƙarfe Ko Kwamfuta?

Da damina ta sauka, hanyoyin karkara kan zama taɓo. Mota ta kafe da kaya, ko da mara lafiya a ciki, ga asibiti da nisa. Sau da yawa za a ga taya ɗaya tana ta juyawa a banza, 'yar'uwarta kuwa tana tsaye cik.

Dalili shi ne, a tsakanin tayoyin nan biyu akwai wani kaskon ƙarfe mai haƙora a ciki. Aikinsa shi ne ya bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu idan mota za ta sha kwana. Amma a cikin taɓo, sai tayar da ke kan santsi ta kwashe juyin duka, mai riƙe da ƙasa ta rasa ƙarfi.

Maganin farko na ƙarfe ne. Wasu motoci, kamar wasu Toyota Land Cruiser, suna da makulli a cikin kaskon. Idan direba ya kulle shi, tayoyin biyu su juya tare, wadda ta taka busasshiyar ƙasa ta fid da motar. Sai dai tilas a buɗe shi da zarar an hau kwalta. In ba haka ba, kwana ta yi wuya, taya ta cinye, ƙarfen ma yana iya karyewa.

Na biyu na lantarki ne. Ana sa 'yar na'ura a gindin kowace taya tana ƙirga juyawarta. Da wata taya ta fara santsi, kwamfuta ta danna mata birki ita kaɗai, ko ta rage wa injin ƙarfi. Wannan dabara ta tsiro ne daga birkin ABS, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya sa wa motocin Mercedes-Benz a 1978. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta fi hannun direba sauri nesa ba kusa ba.

A cikin yashi mai zurfi kuwa, rage ƙarfin injin shi ke binne mota. Shi ya sa direbobi kan kashe na'urar, su rage iskar taya kaɗan. Wajen gyara ma akwai bambanci. Bakaniken ƙauye yana iya kwance na ƙarfe ya ga ciwon da idonsa, amma na lantarki sau da yawa sai an kai motar birni an jona ta da kwamfuta.