Daga Jamaika zuwa Bagalam: abin da guguwar ƙetare ke tuna wa mutanen Maraɗi

Ranar 28 ga Oktoban 2025 ne guguwar Melissa ta faɗa wa tsibirin Jamaika da iska mai gudun kusan kilomita 295 a awa guda, ta yaye rufin gidaje da asibitoci, ta kuma haddasa ambaliya a Haiti da Kuba. Hotunan sun zagaya wayoyin duniya, har da na 'yan kabu-kabu da masu shayi a Maraɗi. Nijar ba ta da teku, don haka irin wannan guguwa ba ta isowa nan. Sai dai hoton mace tsaye a kan kufan ɗakinta tana tsintar tukwane ba baƙo ba ne ga duk wanda ya kwana a birnin nan ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024.

A ranar, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin cikin kusan awa ɗaya da rabi, wato fiye da rubu'in abin da aka saba samu a damina sukutum. Tituna suka koma gulabe, ruwa ya kwashi motoci da babura da itatuwa, gidajen ƙasa suka zube. Gwamnan jihar, Issoufou Mamane, ya sanar da mutuwar aƙalla mutum 15. Wuta da ruwan famfo suka yanke a wasu unguwanni, zirga-zirga a hanyar Damagaram ta samu cikas.

Wannan rana ɗaya ce kawai daga cikin damina mai muni. Zuwa ƙarshen Satumba, alƙaluman hukuma sun nuna mutum 339 sun rasu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya kuma ambaliyar ta shafa, jihar Maraɗi ce kan gaba da mutum 111. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na ƙarni na 19 ya rushe a farkon watan. A daidai lokacin ne guguwar Helene ta sauka a Florida, ranar 26 ga Satumba, ta kashe sama da mutum 200 a kudu maso gabashin Amurka. Manyan tashoshin duniya sun shafe makonni a kanta. Mamatan Nijar, da suka fi yawa, ba su samu ko kusa da wannan kulawa ba.

Bambancin bai tsaya ga labarai ba. A Amurka, lokacin guguwar Helene a 2024, hukumar FEMA ta riƙa bai wa magidancin da bala'i ya shafa dala 750 na gaggawa kafin a zo maganar gyaran gida, wasu kuma suna da inshora. A Maraɗi, mai agajin farko shi ne maƙwabci. Shi ke shiga ruwa ya ciro yara, shi ke buɗe zaurensa, matarsa ta ƙara tiya a kan garin tuwon dare. Bayansa sai dangi, sai tarbacen masallaci, sai 'yan uwa da ke ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya su turo 'yan jakunkuna ta waya. Alhazan birnin, waɗanda fataucinsu ya sa ake kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin ƙasa, su ma akan zuba musu ido a irin wannan lokaci. Gwamnati ta raba dubban tan na hatsi a ƙasar, amma buhun gero ba ya tayar da katanga.

Waɗanda ba su da inda za su raɓa, ajujuwan makarantu aka zuba su. Shi ya sa, tare da makarantun da ruwa ya lalata, aka ɗage komawa karatu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Nan ne matsala ta biyu ke fitowa: idan ranar buɗe makaranta ta zo, mai gudun ruwa zai tashi ko ya gina ko bai gina ba. Da yawa sukan koma su buga sabon tubali da ƙasar da ta zube, a kan filin da ruwan ya bi, domin fili a tudu ya fi ƙarfin aljihunsu, siminti kuwa ba a ma maganarsa.

Ruwa ya taɓa tayar da garin gaba ɗaya. Tsohuwar Maraɗi a cikin fadama take, gab da gulbi, har ambaliyar 1945 ta cinye ta, Turawan Faransa suka mayar da mutane kan tudu suka yanka musu tituna a miƙe. Unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, 'Yandaka, Limanci da Maradawa da sunayensu suka hau tudun. Shekara 80 bayan haka birnin ya ninka kansa sau da yawa, an yi gini a bakin kwazazzabai da hanyoyin ruwa, lambatun da ake da su kaɗan ne, su ma yashi da leda sun toshe su. Ruwan da ya sauka a tudu dole ya gangara yamma zuwa fadama, kuma ta cikin gidajen mutane yake bi.

Shi kansa Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa Madarumfa da Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Manomin Jiratawa da ke noman rani a fadama da wannan ruwa yake ci, kuma shi ne farkon wanda gonarsa ke nutsewa idan gulbi ya cika. Saƙon gargaɗi daga Jibiya, ko da na 'yan awoyi ne, zai iya ba shi damar kwashe injin ban-ruwa da dabbobi. Hakan na buƙatar hukumomin ƙasashen biyu su riƙa magana da juna, abin da ya yi sanyi tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Ƙofar agajin waje ma ta ƙara tsukewa. A Nuwamban 2024 hukumomin Yamai sun janye izinin aikin ƙungiyar Acted ta Faransa, a Fabrairun 2025 suka sallami kwamitin Red Cross na duniya, a shekarar ce kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Ko me mutum zai ce game da dalilan kowane ɓangare, nauyin ya ƙara komowa kan gwamnati, magajin gari, masu unguwanni da attajiran gida. Yashe lambatu da hana gini a bakin kwazazzabo kuwa aikin rani ne, tun daga kaka har zuwa watan Mayu, kafin hadari ya fara haɗowa daga gabas.