Munduwar shaidar mai ciwon suga: me za a rubuta a kai, kuma a ina za a samo ta?

Mai ciwon suga yana iya fita daga gida lafiya lau, kafin azahar a tsince shi a zaune bakin hanya yana zufa, jiki na rawa, magana ba kan gado. Idan a cikin unguwa ne, da sauƙi, akwai wanda ya san lalurarsa. Amma idan a tsakiyar kasuwar Maigatari ne ranar Alhamis, ko a motar haya tsakanin Gagarawa da Gumel, ko a gona can wajen Sule Tankarkar, waɗanda za su taru a kansa ba su san shi ba. Wani zai ce iska ce, wani ya ce farfaɗiya, wani ma ya zarge shi da maye. Ana wannan muhawara lokaci yana tafiya, alhali abin da yake bukata bai wuce suga cokali uku ba.

Saboda irin wannan rana aka ƙirƙiro munduwar shaidar lafiya: ɗan abin hannu da aka rubuta lalurar mutum a jiki, domin ya yi bayani a lokacin da mai shi ba zai iya buɗe baki ba.

Me ya sa suga ke faɗuwa?

Yawancinmu hawan suga muka fi tsoro, amma faɗuwarsa ta fi saurin kayar da mutum. Idan awo ya nuna ƙasa da 70 a na'urar gwaji, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, suga ya yi ƙasa. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, shi ya sa da ya ƙaranta sai mutum ya rikice, ya yi faɗa ba dalili, daga nan sai jijjiga ko suma.

Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, wadda da yawa suka fi sani da Daonil. Metformin ita kaɗai ba kasafai take kayar da suga haka ba. Dalilan kuwa sanannu ne: a sha magani a fita ba a karya ba, a wuni ana noma ko tafiyar ƙafa, a yi azumi ba tare da likita ya gyara ma'aunin magani ba, ko amai da gudawa su hana abinci zama a ciki.

A ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa, tambayarmu ta farko ga waɗanda suka kawo mutum a sume ita ce, yana da wata lalura? Sau da yawa amsar ita ce, “Wallahi a hanya muka tsince shi.” Kalma ɗaya a hannunsa ta isa ta sa a fara da gwajin suga, a san irin ruwan da za a ƙara masa.

Asalin abin

A 1953 wata yarinya a garin Turlock na jihar Kalifoniya a Amurka ta kusa rasa ranta saboda jikinta bai karɓi gwajin allurar tetanus ba. Mahaifinta likita ne, Dakta Marion Collins. A 1956 ya kafa gidauniyar MedicAlert, wadda ta yaɗa al'adar ɗaura munduwa mai ɗauke da bayanin lalura. Tambarin da ake yawan gani a kanta shi ne sanda da maciji ya nannaɗe, alamar aikin likita tun zamanin Girkawa.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wadda ta sauke farali ta san abin hannun da ake ɗaura wa alhazai don a gane su idan sun ɓata ko sun faɗi. Hikimar ɗaya ce.

Abin da za a rubuta

Wurin rubutu kaɗan ne, don haka a zaɓi mafi muhimmanci, da manyan baƙaƙe:

Layi na farko, sunan mai ita.

Layi na biyu, DIABETES, sannan CIWON SUGA. Na farkon don ma'aikatan asibiti, na biyun don mai shayi ko ɗan acaɓan da zai fara isowa wurin.

Layi na uku, INSULIN idan yana allura, ko sunan ƙwayar da yake sha. Idan akwai maganin da jikinsa ba ya so, kamar penisilin, a sa shi.

Layi na huɗu, lambar wayar wanda ba ya kashe waya. Idan da wuri, a sa biyu.

Ga masu tsallaka iyaka daga Maigatari zuwa Damagaram don fatauci ko zumunci, a fara lambar da +234. Ma'aikatan lafiyar Nijar da Faransanci suke aiki, amma an yi dace kalmomin sun yi kama: su DIABÈTE da INSULINE suke rubutawa, don haka za su gane namu.

Ba sai an rubuta adireshin gida ba, musamman a ta yara.

Ina za a samu?

Hanya ta farko ita ce intanet. Da wayarki za ki iya dubawa a kasuwanni irin su Jumia da Konga, ko wurin masu sana'ar rubutu a jikin ƙarfe da ke talla a Instagram da Facebook. Kafin ki tura kuɗi, yi tambaya uku. Rubutun sassaƙa shi ake yi a cikin ƙarfen ko fenti ne da zai goge? Za su rubuta abin da kika ba su, ko tambari ne kawai a jiki? Suna kawowa har Gumel, ko sai an karɓa a Kano ko Dutse? Ki nemi hoton munduwar bayan an gama rubutu, ki duba lambar wayar ɗaya bayan ɗaya. Lamba ɗaya da aka juya ta ɓata aikin gaba ɗaya.

Hanya ta biyu tana kusa da mu, ta kuma fi sauƙin kuɗi. Masu rubuta suna a jikin kwanuka da tukwanen amare za su iya wannan aikin a kan awarwaro mai faɗi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Maƙeran fari masu aikin azurfa ma za su iya ƙera ɗan falle, baduku ya ɗinka masa maɗaurin fata irin na agogo. Idan wani naki zai shiga Kano, Kasuwar Kurmi matattarar masu irin wannan sana'a ce. Ki rubuta musu kalmomin a takarda, a kuma karanta tare kafin a biya. Abu ɗaya dai: rubutu ya kasance a fili. Idan aka naɗe shi cikin fata kamar laya ko kambu, ba wanda zai buɗe.

Hanya ta uku ita ce kati. Shagunan kwamfuta masu buga katin shaidar 'yan makaranta za su buga miki na roba, a sa a aljihu ko jaka. Kati yana ɗaukar bayani da yawa, amma jaka tana iya yin nata wuri lokacin faɗuwa, shi ya sa ya fi kyau ya zama ƙari ga abin hannu. Haka ma wayoyin zamani suna da wurin rubuta bayanin gaggawa da ake iya gani ko waya na kulle.

Hattara da 'yan damfara

Za ki ci karo da tallar munduwar maganaɗisu wai tana sauke suga ko tana warkar da ciwon. Ba gaskiya ba ne. Munduwar shaida sanarwa ce kawai, ba magani ba. Haka agogo da zoben da ake cewa suna auna suga ba tare da an huda fata ba: a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da su. Wanda ya auna allurarsa da sakamakon ƙarya yana wasa da ransa.

Idan mai ita ya ƙi ɗaurawa

Saye ba shi ne wahala ba, ɗaurawar ce. Maigida zai ce awarwaro na mata ne. To, a haɗa masa fallen a maɗaurin agogo, ko a yi masa na baƙar fata. Hajiya za ta yi maganar alwala. A yi mata mai ɗan sako-sako yadda yatsa zai shiga, ta motsa shi ruwa ya ratsa. Budurwa kuma tana gudun a san tana da ciwo, saboda maganar aure. Ita sai a yi rubutun ta ciki, tambarin kawai a waje, a kuma zauna da ita a fahimtar da ita cewa ciwon suga ba abin kunya ba ne. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya.

Yaro mai allurar insulin a yi masa na roba mai laushi a hannu, ban da igiya a wuya saboda shaƙewa wurin wasa. A nuna wa malamin ajinsa da na Islamiyya, a faɗa musu alamomin, a kuma riƙa sa masa alewa a aljihu.

Idan ke ce kika ga mai munduwar ya rikice

Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ba shi suga ƙaramin cokali uku a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ba wanda aka cire wa suga ba. A jira minti 15. Idan bai dawo daidai ba, a maimaita. Da ya warware a ba shi abinci mai riƙe ciki.

Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, ko ruwa, ko rubutu, domin zai iya wucewa huhu. A kwantar da shi ta gefe, a kira lambar da ke hannunsa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gumel, a kuma nuna wa ma'aikata munduwar tun daga ƙofa. Addu'a ana yinta a hanya.

A ziyarar asibiti ta gaba, ki tambayi likita ko nas ainihin sunan maganin da mai ciwon gidanku ke sha, ki rubuta layukan nan huɗu a takarda, ki kai wa mai rubutu. Duk lokacin da aka canza magani ko lambar waya, a sabunta.

'Yan uwa na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wadda ta san mai iya wannan aiki a kasuwarsu ta faɗa mana a wurin sharhi da ke ƙasa, wata za ta amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.