Daga “dream” zuwa “deadline”: kalmomin Ingilishi na tsara buri, da inda Faransanci ke yaudarar mai koyo

Duk lokacin da wata ƙungiyar agaji ta buɗe gurbin aiki a Yamai ko Maraɗi, ko wata jami'a ta Najeriya ko Gana ta nemi wasiƙar neman karatu, akwai tambayar da ba ta cika ɓacewa ba: “What are your goals?”, wato mene ne burinka. Matashin da ya fara Ingilishi tun ajin farko na CEG yakan gane tambayar sarai. Wajen amsawa ne ake tuntuɓe, kuma sau da yawa Faransancin da ya fi ƙwarewa a kai ne ke sa masa ƙafa.

Da farko dai Faransanci taimako ne babba. Tun da Giyom na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da kotu a can, dubban kalmominsa kuma suka shige Ingilishi. Shi ya sa “ambition”, “motivation”, “discipline”, “progress” da “priority” ba baƙi ba ne ga wanda ya yi lakwal a Nijar. Lafazi ne kawai zai gyara.

Matsalar ita ce ba kowace kalma ce ta riƙe ma'anarta ba. Wadda ta fi haɗari ita ce “pass”. A Faransanci, “passer le bac” na nufin zama jarrabawar, a ci ko a faɗi. A Ingilishi kuwa, wanda ya rubuta “I passed the exam” ya ce ya ci. Ɗalibin da ya zauna bakaloriya bai samu ba, ya kuma rubuta haka cikin takardunsa, ya yi ƙarya ba da niyya ba, kuma ranar da aka ce ya kawo shaidar zai sha kunya. Zama jarrabawa “take” ne ko “sit”. Haka “formation” da ake cika takardun neman aiki da ita: horo a Ingilishi “training” ne. “Stage” kuma “internship” ne, domin a wurin Bature ɗan Ingila “stage” dandamali ne ko mataki. Akwai kuma “eventually”, wadda ba ta nufin wataƙila kamar “éventuellement”. Tana nufin daga ƙarshe abin zai faru, ko ya faru. Shi ma “achieve” ba gamawa kawai ba ne irin na “achever”, cim ma abu ne bayan an sha wuya.

Sai kalmomin burin kansu, waɗanda ba nauyinsu ɗaya ba. “Dream” mafarki ne, ba a tambayar mai shi rana ko lissafi. “Goal” buri ne da aka sa gaba, kalmar da masu kallon ƙwallo suka riga suka sani: raga ce da ake nufa. “Target” ya fi shi ƙunci, abin da ake saitawa a harba, galibi da adadi a jikinsa. Misalin da ya fi fito da bambancin yana cikin takardun Majalisar Ɗinkin Duniya. Muradun ci gaba mai ɗorewa da aka amince da su a 2015, waɗanda a nan aka fi sani da ODD, “goals” 17 ne, amma a ƙarƙashinsu akwai “targets” 169. Kawar da yunwa buri ne. Abin da za a ƙidaya kafin 2030 don a san ko an kusa, shi ne “target”.

“Milestone” asalinsa dutsen bakin hanya ne mai nuna nisan da aka ci. Wanda ya taso daga Yamai zai je Maraɗi, Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni su ne nasa. “Deadline” kuwa wa'adi ne, kuma tarihinta ba daɗi: a lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, layi ne da ake ja cikin sansanin fursunoni, wanda ya ƙetare shi a harbe shi. Yau ba a harbin kowa, amma shafin neman tallafin karatu da ya rufe ƙarfe 12 na dare ba ya jin “a yi haƙuri, wuta aka ɗauke”.

Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana da aikatau da take tafiya da shi, kuma nan ne ake gane wanda ya haddace jerin kalmomi kawai. Ana cewa “set a goal”. Mai fassara “fixer un objectif” kai tsaye zai ce “fix”, wanda a kunnen mai Ingilishi ya fi kama da gyaran abin da ya lalace. Ana cewa “reach a target”, “meet a deadline”, in an makara kuma “miss a deadline”. Gara a koye su bibbiyu, kamar yadda ake sayen takalmi.

Duk wanda ya taɓa zama taron horo ya ji SMART. Wani Ba'amurke mai ba kamfanoni shawara, George Doran, ya fito da ita cikin wata mujallar harkar gudanarwa a 1981. Yadda aka fi faɗinta yau, buri ya zama “specific”, takamaimai. “Measurable”, mai aunuwa. “Achievable”, wanda za a iya. “Relevant”, mai alaƙa da bukatar mutum. Da “time-bound”, mai wa'adi. Masu horo sun maimaita ta har ta gundura, amma wajen rubuta amsa tana aiki.

Sauran ba su da wuya. “Skill” ƙwarewa, “habit” abin da aka saba, “strength” da “weakness” inda mutum ya fi ƙarfi da inda yake da rauni, “feedback” ra'ayin da wani ya bayar kan aikinka don ka gyara. Ɗaya ce ta cancanci a tsaya kanta: “setback”, koma baya na ɗan lokaci, saɓanin “failure” mai nufin faɗuwa. Wanda ya maimaita aji ko jarinsa ya karye yana da damar zaɓen ta farko, kuma ba ƙarya ya yi ba in ya tashi ya ci gaba.

A ɗauki telan da ke Damagaram, ana masa tambayoyi kan neman tallafin sana'a. In ya ce “My dream is to be successful”, bai faɗi abin da za a rubuta ba. In ya ce “My goal is to open my own shop, and my target is to save 300,000 francs by December”, ya faɗi shago, ya faɗi jika 300, ya faɗi watan Disamba. Tambaya ta gaba da zai jira ita ce nawa ya riga ya tara.