Bayani Kan Ruwan Sanyaya Batir a Motocin Lantarki

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hankalin jama'a ya ƙara karkata ga motoci masu aiki da lantarki, irin su Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020. Saboda haka muka ga ya dace mu faɗakar da mazauna Samaru da Sabon Gari kan kula da su.

Waɗannan motoci ba su buƙatar juyen baƙin mai, amma galibinsu suna da ruwa na musamman mai zagaya batir yana sanyaya shi. Zafin bazara a Zariya kan kusanci digiri 40, kuma zafi na rage wa batir kwana, alhali shi ne mafi tsada a jikin motar.

Kuɗin canjin ruwan kan zarce na motar fetur, domin daga waje ake shigo da shi, kuma sau da yawa sai an haɗa motar da kwamfuta kafin a fitar da iskar da ta shiga bututu. Zuba ruwan famfo ko na lagireto na iya toshe hanyoyin ruwan, ya kuma soke garanti.

Muna shawartar jama'a su duba lokacin canji a littafin motar. A nemi dila ya rubuta farashin ruwa daban, ladan aiki daban, a ga galan a rufe kafin a zuba, sannan a karɓi rasit. Kada a bar bakaniken da bai sami horo ba ya taɓa wayoyi masu ruwan lemo, domin lantarkinsu na iya kisa.