Ki Auna Hanyarki Kafin Ki Sayi Keke



Tun ran da aka fara ganina ina tafiya wurin aiki bisa keke ban huta da tambaya ba. Wata ta tare ni a bakin rijiya, wata ta aiko ɗanta, wata kuwa sai da ta bari muka haɗu a gidan suna ta ja ni gefe ta ce, "Malama, wai wane iri ne naki, kuma maigidanki bai ce kome ba?" To, maimakon in yi ta amsa wa kowa ɗai-ɗai, na ga ya fi in rubuto a wannan fili namu, domin na yi asara wajen sayen keken farko, ba na so wata ta maimaita.

Ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Ngaski, kusa da Wara, tsakanin gidanmu da makaranta mil 2 ne. A dā kabu-kabu nake hawa safe da rana. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa har ta wuce 1,000. 'Yan kabu-kabu ba su da laifi, su ma saye suke yi, amma albashin malamar firamare ba ya ɗaukar wannan. Na koma tafiya ƙasa, minti 40 cur, in isa an riga an kaɗa ƙararrawa. Ku dubi kunyar malamar da ke tsare 'yan latti a bakin ƙofa alhali kuwa ita ma yanzu ta iso, tana haki. Ga shi kuma tun haihuwata ta biyu jiki ya yi nauyi, har ma'aikaciyar asibiti ta auna jinina ta ce lalle in riƙa motsa jiki.

Dā ma na iya keke. A kan tsohon Raleigh na kakana na koya, wanda ya saya da kuɗin Udoji a 1975, ina sa ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ina tuƙawa a karkace don ban kai sirdi ba. Ina shekara 13 mahaifiyata ta ce na girma, in bari. Na bari, har shekara 14.

Da maigida ya yarda, sai ɗoki ya ɗebe ni. Muka tafi Yelwa, idona ya faɗa kan wani ja mai ƙyalli, irin na hannu da ake shigowa da su daga Kwatano, mai giya 21. Mai sayarwa ya ce wannan ko dutse sai ya hau. Ban tsaya na tambayi kaina wane dutse ne tsakanin gidanmu da makaranta ba. Keken maza ne, mai ƙarfe a tsakiya, sai na ɗaga ƙafa sama kafin in hau. Ba shi da kariya a baya, watau littattafan yara sai a goye. Ba madigadi, ba murfin sarƙa. A mako na biyu sarƙa ta cafke bakin zanena a cikin rairayi, na faɗi ta hannun dama, ɗan ƙarfen nan mai sauya giya da ke rataye a baya ya lanƙwashe. Mai gyaran garinmu ya juya shi ya juya, ya ce ba shi da irinsa, kuma ko ya miƙe shi ba zai daɗe ba. Keke ya yi mako 3 jingine a zaure, daga baya na sayar da shi a kan faɗuwa.

Laifin ba na keken ba ne. Keke ne mai kyau ga saurayi mai wando wanda ke zaune a birni kusa da masu kayan gyaransa. Ni ce ban auna jikina da tufafina da hanyata ba.

Abin da za ki fara dubawa shi ne ƙirar keken. Ki nemi wanda ake kira keken mata, watau wanda ba shi da ƙarfe miƙe daga sirdi zuwa kai, ƙarfensa ya sauko ƙasa yadda za ki ratsa ƙafa ta gaba ki hau ba tare da kin buɗe jiki ba. Amfaninsa bai tsaya ga sutura ba. Mai komawa keke bayan shekaru tana yawan tsayawa ba shiri, akuya ta gitta, ko yaro ya fito da gudu, to a keken mata zamewa kawai za ki yi gaba ki dire da ƙafa biyu. A na maza kuwa ƙarfen nan ne zai tare ki, wadda ta taɓa bugewa da shi ba sai an yi mata bayani ba.

Sa'an nan girma. Manyan kekunan nan baƙaƙe na iyayenmu tayarsu inci 28 ce, sun yi wa yawancinmu tsawo. Inci 26 ta fi dacewa da mace matsakaiciya, 'yar makaranta da ba ta gama tsawo ba kuwa 24 ta ishe ta. Kada ki yarda a saya miki keke ba kya wurin, kamar yadda ba a ɗinka miki riga ba awo. Ki hau sirdi wani ya riƙe miki, ki ɗora diddige a kan feda sa'ad da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da kin karkata ƙugu ba, tsawon sirdi ya yi daidai. In gwiwa ta tanƙware da yawa, ya yi ƙasa, kuma shi ne mafarin ciwon gwiwar da wasu ke ɗora wa keke. Amma a makon farko na yarda ki sauke shi kaɗan yadda ƙafafunki za su taɓa ƙasa, har tsoro ya fita, kāna ki ɗaga. Kan keken kuma ya zamana kina riƙe shi a zaune miƙe, ba a duƙe kamar mai tsere ba.

Maganar tufafi ita ce wadda masu sayar da keke ba su taɓa tunawa da ita, don ba su ɗaura zane. Lalle sarƙa ta kasance da murfi, in ya rufe ta duka ya fi. Ƙafar baya kuma a sa mata raga ko wani abin tarewa gefe da gefe daga madigadi zuwa ƙasa, don kada iska ta tura bakin hijabi cikin wayoyin ƙafar. Wannan ba abin wasa ba ne, hijabin da ya naɗe a ƙafar keke wuya yake ja. Ni dai wando nake sawa ƙarƙashin zane, da hijabi mai tsayawa a gwiwa, in na sa dogo sai in tattara bayansa in zauna a kai. Silifa mai santsi kuma a bar ta a gida.

To, sai hanya. Mu nan bakin tafkin Kainji, tun da ruwa ya cika a 1968 aka tayar da garuruwa aka sake musu mazauni, yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukanmu na ƙasa ne, rairayi da rani, laka da damina, ga tsidau da ƙaya a gefe. Siririyar taya nutsewa take a rairayi. Ki nemi mai fāɗi da kauri, kuma kada ki cika mata iska ta yi tauri kamar dutse, in ta ɗan yi laushi ta fi riƙe ƙasa, amma ba laushin da ƙarfen zai riƙa dukan dutse ya huda tub ba. Giya kuwa, in hanyarki shimfiɗaɗɗiya ce kamar tawa, ba ki bukatarta ko kaɗan. Wadda ke da hawa mai tsanani a hanyarta ita ce za ta yi tunanin giya, ita ma sai ta tabbata akwai mai gyara ta a kusa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ku riƙe. Kafin ki je kasuwa, ki fara zuwa rumfar mai gyaran keken garinku, ko ki aiki maigida ko ƙanenki, a tambaye shi kayan wane irin keke yake ajiyewa. Abin da ke rataye a rumfarsa, taya da tub da sarƙa da feda da robar birki, shi zai gaya miki keken da za ki saya. Shi ya sa irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka daɗe a karkara, ƙirarsu ɗaya da tsohon Raleigh, kayan wannan yakan shiga wancan. Suna da nauyi, gaskiya ne, amma kariyarsu tana ɗaukar kwandon kifi ko ƙullin albasa ba ta ce uffan ba. Kada kuma suna ya ruɗe ki. Masana'antar Raleigh ta Nottingham a Ingila ta daina ƙera keke tun 2002, saboda haka sabon keke mai wannan tambari ba irin na kakanninmu ba ne, ƙarfen za ki duba.

Keke na biyu da na saya, mai gyaran na ɗauka muka tafi tare, na biya masa kuɗin mota. Na ga yadda ya yi. Ya ɗaga kowace ƙafa ya juya ta ya ga ko tana rawa, ya matsa wayoyin ƙafar biyu-biyu ya ji ko akwai sako-sako, ya bi duk mahaɗin ƙarfe yana neman tsagewa ko walda da aka ɓoye da sabon fenti, ya kama birkin gaba ya tura keken gaba da baya ya ji ko wuyan yana ƙwanƙwasa. Keke 4 ya ƙi kafin ya yarda da na biyar, wani kore marar kyan gani. Shi nake hawa har yau, faci kawai ya taɓa ci mini da robar birki.

Ranar da kika kawo keke gida kada ki fita titi. Jiki ba ya manta tuƙi, minti 10 za ki ga kin daidaita, amma hannu yana manta birki. Ki sami fili, ki yi ta koyon tsayawa: a matsa birki biyu tare a hankali, kada a damƙe na gaba shi kaɗai, musamman a rairayi ko gangare, don kifar da mutum yake yi. In ruwa ya jiƙa ƙafar keke birki ba ya kamawa da wuri, sai a fara matsawa tun da nisa. A titi ki bi hannun dama, ki miƙa hannu kafin ki juya, ki bar wa manyan motocin hanyar Kontagora zuwa Yelwa titinsu, kuma a sa ƙararrawa da fitila ko da ba kya nufin kai magariba. Makon farko mazaunai za su yi ciwo, cinyoyi su yi tsami. Yana wucewa. In ya wuce mako 2 bai daina ba, sirdin ne, a sauya shi da mai fāɗi.

Yanzu minti 15 ke kai ni makaranta, 15 su maido ni. A kwana 5 ya zama minti 150, wanda shi ne mafi ƙarancin motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu a mako. Ban ware masa lokaci ba, ban bar girki ko wanki dominsa ba. Mai ciki da ya tsufa dai ta haƙura saboda faɗuwa, mai jego kuma, balle wadda aka yi wa aiki, ta jira sai asibiti sun ce ta warke.

Saura maganar mutane, wadda ta fi rairayi wuyar ratsawa. An ce keke yana hana haihuwa, an ce yana ɓata budurwa. Keke ba ya hana haihuwa, mutuncin yarinya kuma tarbiyyarta ce ke riƙe da shi, ba sirdi ba. A Maiduguri, bayan an hana hawa babur a 2011, keke ya cika gari, har da 'yan mata da hijabansu suna tafiya makaranta. A jihar Bihar ta Indiya gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, masu bincike suka tarar shigarsu makaranta ta ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100, ƙaruwar kuwa ta fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke nesa. Nakan tuna wannan duk shekara in na ga ɗalibaina mata masu ƙoƙari sun gama aji 6 sun zauna gida, ba don kome ba sai don sakandaren tana mil 4 ko 5.

Amma ban ce uwa ta saki 'yarta ita kaɗai a hanyar daji ba. Duk wanda ke ƙasar nan bai manta ɗaliban da aka sace a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021 ba. Ƙannena, ku tafi a ƙungiya, ku bi hanyar da mutane ke bi, ku dawo da rana tsaka, in an ce hanya ba lafiya ku zauna gida. Ke kuma uwargida, kada ki sayo keke ki ajiye wa maigida a tsakar gida kamar an ci shi da yaƙi. Ni lissafin kuɗin kabu-kabu na wata 6 na rubuta a takarda na ajiye masa kusa da tuwo, na yi shiru. Kwana 3 ya yi yana dubawa, ran na huɗu shi ya ce in shirya mu tafi.

Yanzu mu 4 ne muke haɗuwa a filin makaranta ran Asabar bayan la'asar, da koren kekena muke koyo bi da bi. Ɗaya ungozoma ce, ɗaya mai sayar da ƙuli-ƙuli, ɗaya kuwa ta haifi 6, ta iya tafiya miƙe sarai, juyawa hagu ce har yanzu sai ta sauka ta ja shi da hannu.