Shin Ko Kun San? Kujerar Kwali Da Na'urar Koyon Tafiya

Shin ko kun san cewa yaron da ya haura wata shida wuyansa bai tsaya ba, ya shekara bai zauna ba, gaɓoɓinsa a sanƙare, ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma shan inna ba? Sau da yawa rauni ne ƙwaƙwalwarsa ta samu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jinjiri. Raunin ba ya ƙaruwa, ba a kuma ɗaukarsa.

A Najeriya, doguwar naƙuda, shawarar jarirai da sanƙarau na cikin manyan masu jawo shi. Ita shawarar, shuɗin haske ke maganinta idan an kai asibiti da wuri, har wata 'yar Najeriya, Virtue Oboro, ta ƙera gadon Crib A'Glow mai aiki da wutar sola. Iyaye mata, a raba kayan jariri da kafur, yana tayar wa wasu yara da shawara.

Ko kun san akwai na'urar koya wa yaro tafiya? Sunanta Lokomat, ƙirar kamfanin Hocoma na Suwizalan. A rataye yaro, ita ke ɗaga masa ƙafa tana saukewa. Tsada kam ba a magana, kuma har yau masana na ja-in-ja kan ko ta fi gashin da likita ke yi da hannu.

Wadda ta fi burge ni daga Zimbabuwe ta fito, wurin Bevill Packer: kujera da abin tsayuwa na kwali. A yanka kwalaye daidai jikin yaro, a liƙa su hawa-hawa da ƙullin fulawa, a lulluɓe da takarda, a shanya. In ta bushe, daram take. Yaron da kullum ke kwance kan tabarma sai ga shi zaune, yana haɗiyar kunu da sauƙi, yana ganin masu shige da fice. Kwali da fulawa kuwa, wane shago ne babu su? Abin da ya rage shi ne likitan gashi ya auna, ya koyar.

Takalmin da ke riƙe ƙafa kada ta lanƙwashe ma ba sai an tsallaka teku ba, ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano, wanda aka kafa a 1959.

Ranar 6 ga Oktoba ce duniya ta ware wa masu wannan larura ta raunin ƙwaƙwalwa.